Sandar da Na Sa a Cikin Jirginki

Kankiya, ranar Asabar.

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kin sauka lafiya, gajiyar mota ta sake ki, kin kuma dace da ɗaki mai iska da abokan zama masu kunya. Allah ya tsare mani ke a inda idona ba ya kaiwa. Mu nan kowa lafiya, in ban da Ummanki, wadda kwana biyu ke nan ba ta sakar mani fuska ba, sai dai ta dangwarar da kwanon tuwo ta wuce. Ita ta sa ni wannan rubutu. Da farko waya ta ce in yi maki, na kuwa kira ki har sau biyu, kin dai ji abin da na yi: na tambaye ki ko ana ruwa a Zariya, na kashe.

Kafin komai, kada ki tayar da jirginki. Na san ranar Alhamis za ki tashe shi gaban malamanku, kuma da shi za su duba ko za su ɗauke ki cikin masu shiga ɗakin ƙere-ƙere. To, ko batir kada ki sa masa sai kin kai ƙarshen takardar nan. Na taɓa shi. Yadda na taɓa shi yana tafe, amma ki yi haƙuri in zagayo, kin san ubanki bai iya faɗin laifinsa kai tsaye ba.

Rigimata da ke a kan abu ɗaya ce, yadda za a haɗa sarbo da leɓen wutsiya. Can za su koya maki sunayensu na boko. Ni dai leɓe nake ce wa ɗan faifan nan na bayan wutsiya, wanda in ya ɗaga jirgi ya ɗaga hanci, in ya yi ƙasa jirgi ya sunkuya. Sarbo kuwa ɗan injin nan ne mai hannu da ke zaune a cikin jirgi yana bin umarnin rimot. Tsakaninsu bai fi kamu ɗaya da rabi ba, kuma a wannan 'yar tazara na zubar da mutuncina sau huɗu a ƙananan hukumomi biyu. Tun ina yaro a Kusada, ranar da wani ɗan jirgi rawaya ya zo feshin tsuntsayen jan-baki ya wuce ƙasa-ƙasa har na hango kan matuƙinsa, na ƙudura sai na ƙera ƙaninsa, sak, ba ragi. Na tsufa ina gyaran rediyo, burin nan bai tsufa ba.

Na farko kina da shekara bakwai. Jikinsa tukurwa ne da farin soson da ake naɗo firiji a ciki. Da na zo kan leɓe, sai na zaro siraran ƙarafan nan na ƙafar keke guda biyu, na haɗa su baki da baki, na naɗe da zare na zuba gam, suka zama sanda ɗaya doguwa. A kan tebur abin gwanin sha'awa. In taɓa rimot leɓe ya ɗaga, in saki ya koma. Na yi ta yi har batir ya mutu. Daga nan na shiga gayya. Duk wanda ya kawo gyara a makon nan sai da na faɗa masa rana da wuri, har da wani bawan Allah da ya tsaya tambayar hanyar tasha. Ranar kuwa na zuba babbar riga. Ki duba fa, mutum zai tayar da soson firiji, ya sha babbar riga mai aiki har da turare.

Wani fili muka je wajen Rimaye, an gama girbi. Ya tashi kuwa, wallahi ya tashi, kuma daɗin da na ji a ƙirjina ban taɓa jin irinsa ba sai ranar da aka haife ki. Da na tsaya nan, da yau ni gwani ne. Sai na ce bari in nuna wa jama'a yadda jirgin feshi ke yi, na sunkuyar da shi. Da na zo ɗago shi ya ƙi. Na ja har na kusa karya rimot, shi kuwa ƙarfen keke, da iska ta danne leɓen, maimakon ya tura sai ya lanƙwashe ya yi zamansa. A daidai lokacin Dije, matar Jauro Bello mai shanu, ta sauke ƙoren nononta a gindin wani gawo tana hutawa. Duk faɗin filin nan jirgi bai ga wurin sauka ba sai babbar ƙwaryar. Nono ya yi sama ya dawo mata a ka. Sai ke kika ja mani riga kina tambaya ko in ya sha ya ƙoshi zai sake tashi. Har gobe in Dije ta hango ni a kasuwa sai ta rufe ƙwarya da faifai biyu ta ɗora hannu a kai.

Laifina a nan ban gwada shi da nauyi ba. Da na sa yatsa na danne leɓen sannan na taɓa rimot, da tun a gida na ga ya lanƙwashe, ba gaban mutum hamsin ba. In za a yi sanda, a yi mai kauri marar nauyi, a tallafe ta a tsakiya, a kuma shirya ta yadda ɗaga hanci zai zama ja ne ba turi ba, don siririn ƙarfe ya iya ja amma bai iya turi ba. Haka za ki sami mutane a can. Ranar da ba abin da ya danne su, kowa mai kirki ne, kowa zai ce maki ki neme shi in kina da matsala. Kada ki yi saurin jingina da mutum sai kin ga yadda yake in abu ya matsa. Kuma don Allah ki gwada abu ke kaɗai kafin ki kira jama'a.

Bayan shekara biyu na dawo da sabuwar dabara, wayar birkin keke, wadda ke zamewa cikin kwansonta. Dabara ce mai kyau, tana bin kwana, tana ɓoyuwa a ciki, ba ta ɓata wa jirgi kama. Sharaɗinta ɗaya, a kafe kwanson da gam gaba da baya da tsakiya, don waya kaɗai ta motsa. Na kafe gaba, gam ya ƙare. Na riga kuma na yi wa Baffanki Malam Sani alkawari zan zo Kusada washegari in nuna masa cewa ba wasan yara nake yi ba, don tun muna ƙanana yake cewa cikin gidanmu na malamai ni kaɗai na fito da sukundireba a hannu maimakon alƙalami. Sai na ce bayan zai riƙe kansa, ai ba mai leƙawa.

Bai riƙe ba. In na ba da umarni, sai kwanso da waya su tafi tare, saƙo ya isa leɓe a makare kuma rabi. In ce hau, shiru. In ƙara, sai ya hau da yawa. In ce sauka, haka. Jirgi ya kama gyaɗa kai, sama ƙasa, sama ƙasa, kamar ƙadangare a kan katanga, kuma a haka ya nufi Islamiyyar Baffanki ana tsakiyar darasi. Aji uku suka watse. Ya zagaya makarantar yana gyaɗa kai, ya je ya maƙale a ƙololuwar tsamiyar ƙofar gida. Baffanki ya fito da littafi a hannu, ya daɗe yana kallon sama, sannan ya dube ni.

"Lawal, wanga abu naka ya fi ka ladabi. Tun daga nesa shina gaishe da mutane."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Jirgin ya yi damina guda a kan tsamiyar, har kurciya ta yi sheƙa a ciki, kuma duk ranar da na je gaishe shi, a ƙarƙashinta yake sa a shimfiɗa mana tabarma. Uwata, in kin kama aiki ki gama bakinsa biyu. Wurin da kika tabbata ba mai dubawa, nan za ki fi tsayawa. Kuma kada ki yi alkawarin rana don kawai ki ba wani haushi, ni na yi, kin ga inda ya kai ni.

Na ukun shi ne tushen abin da na yi maki, don haka ki karanta a hankali. Lokacin mun shirya da Jauro. Ya kawo gyaran rediyo ya tarar da ni ina zane, na yi masa bayanin dabarar igiya biyu: ɗaya ta ja leɓe sama, ɗaya ta ja shi ƙasa, yadda ake juya shanun huɗa. Ba nauyi, ba lanƙwashewa, ba a ganinta daga waje. Jauro ya ce in dai igiya ce, duk duniya ba kamar fatar sa. Ya je ya yanko mani tsirkiya siririya mai kyau, kyauta. Na ɗaura ta cikin bazara, ta yi tsam, in na taɓa har ƙara take yi. Sai na tsaya jiran farfela daga Kano, ba ta iso ba sai da ruwa ya sauka.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, gari ya yi luf, na ɗauke shi muka nufi wajen Bauranya, ni da ke kaɗai, don na fara hankali. Ban buɗe cikinsa ba. Fata ta sha danshi ta saki, abin da kowane makaɗi a ƙasar Katsina ya sani, ni mai ilimin lantarki ban tuna ba. Jirgi ya tashi, ina iya juya shi hagu da dama, amma zancen saukowa ya ce bai san da shi ba. Muka yi ta zagaye ni da shi har ya gaji da ni ya miƙe gabas. Muka bi shi da gudu cikin gonar gero, takalmina ɗaya yana can har yau. Bayan kwana uku sai ga Jauro a shago, ya zaro wutsiyar daga jaka ya ajiye a kan tebur.

"Mai Rediyo, ga abin da nagge ta rage maka. Ta ce soson bai ji gishiri ba."

Tun daga ranar na ɗauki gaba da igiya biyu. Duk wanda ya ambace ta sai in ce dabarar banza ce, na gwada. Ban taɓa cewa ni ne na sa fata cikin damina ba. Ɗora wa dabara laifi ya fi sauƙi, don ita ba ta da bakin ramawa. Ki kiyayi wannan hali, ya fi faɗuwar jirgi muni. In abu ya lalace a hannunki, ki fara tambayar me kika yi, kafin ki yanke cewa hanyar ce ba kyau.

Na huɗu ba sai na ja ba, tabonsa na goshina. Na ce tunda tazara ce ke ba ni wahala, bari in kashe ta, na ɗauke sarbo na kai shi can cikin wutsiya, kusa da leɓe, da ɗan guntun ƙarfe tsakaninsu. Ba wasa, ba jinkiri. Ummanki ta shigo kawo mani kunu, ta ɗaga jirgin, ta ce: "Malam, wanga jirgi bayanshi ya yi nauyi." Na tambaye ta jirgi nawa ta taɓa ƙerawa. Ta ce ko ɗaya, amma tun tana yarinya take ɗaukar tulu, ta san kayan da ya rinjaya baya. A filin Ƙofa ya tashi, ya miƙe tsaye, ya ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ya dawo da baya ya sauka a kaina. Ita ta ɗaure mani goshi. Ki riƙa ɗora jirgi a kan yatsu biyu ƙarƙashin fiffike, in ya rinjaya baya ki matsar da batir gaba. In kuma wanda bai san sana'arki ba ya ga abu, ki duba kafin ki tambaye shi takardunsa.

To, mun iso.

Jirginki ya fi duk nawa kyau, tun ina gani kina fentinsa na sani. Rawaya, sak na feshin nan da na ba ki labari ba sau ɗaya ba. Da kika ce igiya biyu za ki sa, ta siririyar wayar ƙarfe mai rufin roba irin ta masunta, na ce sanda za a sa. Kika yi mani bayani cikin ladabi, na ɗaga murya. Har na ce ke da aka haifa jiya za ki koya mani jirgi, ni da na ƙera huɗu. Ban faɗi inda huɗun suka ƙare ba, ke ma don kunya ba ki tuna mani ba. Kika ce, "To, Baba." Na san wannan to ɗin, irin ta Ummanki ce. Kika je kika sa wayarki.

Ranar Laraba da safe kuka tafi Kusada ke da Ummanki ki yi sallama da Baffanki. Kika bar jirgin a kan teburina, kika miƙo mani makullin ɗakin aiki, kika ce in kula maki da shi. Na rantse da farko leƙawa kawai na yi niyya. Na cire murfin ciki na ga wayoyi biyu a miƙe, tsawonsu ɗaya, tazarar ƙahon sama da na ƙasa, inda ake ɗaure su a jikin leɓe, daidai. Na taɓa su, ƙararsu ɗaya. Na danna leɓe da yatsa, ko gezau. Ya kamata in ji daɗi, amma gaskiya haushi na ji, don aikin ya yi kyau kuma ba da shawarata aka yi shi ba. Na ce wa kaina ai taimakonki zan yi, kada abin Bauranya ya same ki gaban malamai. Na ɗauko filaya na datse su.

Na sa sandata, ta tukurwa, da ƙarfen keke a kowane baki. Ba ta shiga daidai ba, sai na huda gefen jirgin na hagu na fitar da ita, na liƙe wurin da salatif rawaya. Rimot yana cikin jakarki kin kulle, saboda haka ban gwada ba. Maganar da nake maki yanzu, ban sani ba ko in kin ja zai hau ne ko zai nufi ƙasa.

Da na ɗauko murfin zan rufe, sai ya juye a hannuna, na ga takarda manne a bayansa da rubutunki. Ba sai na tuna maki ba, amma zan kwafo ta don ki san na karanta har na haddace:

"Abin da na koya wurin Baba. Ɗaya, a danna leɓe da yatsa kafin a tashi. Biyu, a kafe kowane baki. Uku, igiya biyu ba ta da laifi, fata ce ba ta son damina. Huɗu, a ɗora jirgi kan yatsu biyu, kuma a saurari Umma. Biyar, kada a bar Baba shi kaɗai da jirgi."

Na zauna a kan benci da filaya a hannu. Ina nan zaune na ji sallamarku, ga direban da zai kai ki Zariya yana ta hon a ƙofar gida. Na yi maza na rufe, na naɗe jirgin da bargo da kaina, na ɗaure da igiya tam don kada ki buɗe. Kika ga ina ta ɗawainiya, kika ɗauka huce fushi na yi, kika durƙusa kika ce mani kin gode. Na amsa, Uwata. Na buɗe baki na ce ba komai. Washegari Ummanki tana shara ta tsinto guntayen wayar a ƙarƙashin tebur, ta kawo ta ajiye mani a kan faifan tuwo.

Kin ga ke nan duk shawarar da na cika takarda da ita, kin riga ni rubuta ta, a layi huɗu. Ni ina ganin kallon faɗuwar jirgi kawai kike yi kina dariya, ashe karatu kike ɗauka. Dokokinki huɗu kin kiyaye su. Ta biyar kaɗai kika karya, kuma kin karya ta ne don kin yarda da ni. Wannan shi ke ci mani rai, ya fi nonon Dije da tsamiyar Baffanki ciwo. Na yi maki laifi, kishi ne da girman kai, ba wani taimako. Ki yafe mani.

Jiya Juma'a na tafi Kano da kaina na nemo irin wayarki. Tana cikin ƙunshin da direba zai ba ki tare da takardar nan, da 'yan bututun matse bakin waya guda takwas ko da wasu za su lalace, da ɗan fenti rawaya na toshe ɓarnar da na yi a gefen hagu. Kilishin daga Ummanki ne. Kina da kwana huɗu, kuma aikin da kika yi sau ɗaya za ki iya sake shi. Ki zare sandata ki mayar da wayarki yadda kika ga dama, kada ki kira ni neman shawara, in ma na ba ki kada ki ɗauka. Ummanki ta ce kada ki yar da sandar, ki aiko mata, wai tana da amfanin da za ta yi da ita. Ban tambaye ta ba.

Ranar Alhamis in kun gama, ki kira wayar Ummanki. Zan kasance kusa, ina gyaran wata rediyo da ba abin da ya same ta. In ya sauka lafiya, shi ne jirgi na farko daga gidan nan da ya taɓa sauka da ƙafafunsa, kuma babu hannuna a ciki. Ina roƙon Allah ya nuna mani haka.

Allah ya yi maki albarka, ya buɗa maki karatu, ya haɗa ki da malamai masu sauraro fiye da ubanki. Ya tsare fitarki da shigarki, ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane, ya dawo mana da ke lafiya. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci. Baffanki na gaishe ki. Jauro ma ya ce in gaya maki, in Allah ya sa kin zo da jirgin hutu, ki sanar da shi da wuri ya kora shanunsa gaba.

Wassalam.

Mahaifinki,
Lawal Mai Rediyo